Ƙoƙon da Na Fasa

Masu fasa dutse sun gama da falalen da ke bayan gidanmu. Tun farkon rani nake jin gudumarsu daga inda nake zaune, ƙwal, ƙwal, daga hantsi har rana ta yi sanyi, sannan mota ta zo ta kwashi tsakuwar a kai wa masu gini a cikin garin Zuru. Ban hana ba, don ba ni da bakin hanawa, filin ya daɗe da fita hannunmu. Ranar da na dogara sandata na leƙa, na tarar da rami cike da ledoji a inda dutsen yake, sai na ji wani abu ya taso mini. Ba baƙin ciki ne tsantsa ba. In faɗi gaskiya har da ɗan daɗi a ciki, irin daɗin da tsoho ba ya son a kama shi yana ji. Dutsen nan ya fi shekara sittin yana tuna mini abin da aka ba ƙanena, ni ban samu ba.

Lokacin da muke yara gidan ba a cikin gari yake ba. Daji ne da duwatsu, sai gonakin dawa har gindin tudu. Abin da ke tashinmu da safe kukan dutsen niƙa ne, mata sun durƙusa suna niƙa suna waƙa da harshenmu, sai kuma ƙarar galma in maza suna wasa bakinta kafin su fita. Yanzu inji ke niƙa, babura ke tashin mutum daga barci, yaro kuma kafin ya wanke ido ya riga ya laluɓo waya. A wancan zamani da abu biyu ake auna namiji a wurinmu, noma da kokawa, kuma duka biyun juriya suke nema. Saurayi sai ya yi shekaru yana yi wa iyayen yarinya noma, abin da muke kira golmo, kafin a ba shi mata, kuma duk tsawon shekarun nan ba a son a ji ya ce wash. In ƙaya ta soke ka, ka cire ka ci gaba. In ƙishi ya kama ka a tsakiyar kuyyar noma, ka haɗiye miyau har ka kai ƙarshenta. Ubanmu in ya ga yaro yana ɗingishi sai ya tsaya ya dafa ƙugu ya ce, "Kai ad da ƙahwar, ko ita ad da kai?" Shi ke nan ɗingishi ya ƙare.

Ni na karɓi wannan karatu da hannu biyu. Ƙato ne ni tun ina yaro, ga ci ga aiki, kuma na gane da wuri cewa in na yi shiru a kan ciwo ubanmu zai ambace ni a gaban mutane. Ƙanena kuwa, wanda ke bi mini, da ciwon ƙirji ya zo duniya. In abin ya taso masa numfashinsa sai ya riƙa fita da ƙyar yana ƙara kamar kukan 'yar kyanwa, idanunsa su firfito, uwarmu ta rasa inda za ta sa kanta. Babu asibiti a kusa, kuma an riga an binne yara biyu a gidan. Sai kakarmu, uwar ubanmu, ta ce a ba ta shi. Ya koma ɗakinta da kwana tun bai kai shekara huɗu ba.

Kakarmu 'yar ƙaramar tsohuwa ce, kullum da garin taba a leɓe, magana kuma sai ta zama dole. Ba bokanya ba ce. Maganin da ta sani bai wuce sassaƙen da kowace tsohuwa ta sani ba. Abin da take da shi wanda ba kowa ke da shi ba shi ne tambaya. Da safe in ta gama niƙa, kafin rana ta gasa falalen, sai ta ja hannun ƙanena su hau. Ta kwantar da shi rigingine, ta ɗora masa wani ƙaramin ƙoƙo a kan cibiya, ta ce, "Dubi ƙoƙo. Kak ka ɗaga shi, kak ka sauke shi, bar shi shi yi abin shi." Ƙoƙo ya yi sama, ya yi ƙasa. In ya kalla ya kalla sai ta ce ya rufe ido, yanzu ya ji shi ba da ido ba. Daga nan sai ta aike shi yawo a cikin jikinsa, ya fara daga yatsun ƙafa ya hauro a hankali, kuma duk inda ya tarar da wani abu ya tsaya ya faɗa. Tambayoyinta uku ne ba su canzawa. Ina yake? Kamar me girmansa? A zaune yake ko tafiya yake yi? Girman kuwa da abin da muka sani take aunawa: ƙwayar gero, gujiya, goruba, kabewa. Ba ta cewa yaro ya yi ƙarami. Takan ce wanda ya iya buɗe baki ya nemi ruwa, ya iya nuna inda ƙishin yake.

Da haka ta koya wa yaron nan ya riƙa jin ciwonsa tun yana ƙwayar gero. Ya gane cewa kafin ƙirjin ya kama, akwai wani ɗan ƙaiƙayi da ke fara masa a ƙasan maƙogwaro, sannan kafaɗunsa su hau sama ba tare da ya sani ba. In ya ji wannan sai ya bar abin da yake yi, ya nemi inuwa ya zauna, ya saki kafaɗu, ya bi numfashinsa a hankali. Ba kullum abin ke wucewa ba, amma sau da yawa yakan wuce. Sauran yaran gidan, musamman 'yan mata, suka riƙa bin su, har falalen ya cika da ƙananan cikuna da ƙoƙuna suna hawa suna sauka. Kuma ba a kan dutse kaɗai take yi ba. In yaro ya zo yana ce mata yunwa, sai ta ce ya nuna mata inda take. In ya dafa ciki ta ba shi, in ya nuna baki ta ce wannan kwaɗayi ne, ya je ya sha ruwa ya dawo. In 'yan mata sun yi faɗa, kafin ta ji wa ke da laifi sai kowacce ta faɗi inda fushin yake. Wata ta ce a wuya, wata ta ce a tafin hannu, kafin su gama nema rabin faɗan ya huce.

Ni kuwa da galma a kafaɗa nake wuce su. Ina yi musu dariya, ina kiransu masu shanya ciki, samarin unguwa suna taya ni. Amma sau nawa na laɓe a bayan rumbu ina kallo? Ba ƙoƙon nake kallo ba. Hannunta nake kallo, yadda take ɗora shi a goshin ƙanena ta bar shi a nan, da yadda take sunkuyar da kai ta saurari abin da ɗan yaro zai ce game da cikinsa kamar sarki ne ke magana. Ni ba wanda ya taɓa tambayata ina ne. Ubanmu yana yabona, amma da ƙarfi yake yi, kuma mutane yake kallo in yana yi. Kakarmu in ta kira sunana, itace take so a faskara ko tulu a sauke. Kishi nake yi, kishi mai zafi, kuma ban san sunansa ba a lokacin. Abin da na sani shi ne in na ga ƙanena ya sauko daga dutsen nan fuskarsa a sake, hannuna yakan yi ƙaiƙayin mari.

Abin ya zo ya fashe ne wata damina, ranar wata gayya a gonar wani dattijo ta hanyar Mahuta. Ina da shekara goma sha biyar ko sha shida, kuma ranar ce aka fara fita da ƙanena cikin maza. Ga makaɗa, ga 'yan mata da tulunan kunu a bakin gona, kowa ya kama kuyyarsa. Ba mu yi nisa ba galmata ta goce a kan dutse ta sare ni a bayan ƙafa. Na ga farin nama kafin jini ya rufe shi. Na dumbuzi ƙasa na danna a wurin, na ci gaba. A daidai wannan lokaci ƙanena, da ba abin da ya same shi da ido zai gani, ya ajiye galmarsa a tsakiyar kuyya ya miƙe tsaye. Ubanmu ya daka masa tsawa. Yaron nan ya dube shi ya ce, "Baba, abin shina tahowa. Ya kai gujiya." Ya juya ya tafi gindin ɗorawa ya zauna. Gona ta kwashe da dariya, har makaɗa suka sa shi a kiɗa. Ni kuwa na riga kowa kai ƙarshe, sau uku a jere, 'yan mata suna guɗa, ubanmu ya ɗaga hannuna sama. A hanyar gida ƙafata ta kumbura, amma ban yi ɗingishi ba. A raina ina cewa yau dai tsohuwar nan za ta san wane ne jikanta.

Muka tarar da ita a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Labari ya riga mu zuwa. Ta miƙa hannu ta jawo ƙanena, ta sa kunne a bayansa ta saurara, ta ce, "Ka yi daidai." Ta ɗauko ƙanzon tuwo da ta ɓoye ta ba shi. Ni ina tsaye, jini da ƙasa sun bushe mini har idon sawu. Sai da ya fara ci sannan ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙafar, ta daɗe tana kallo.

"Kai hwa, ina ka maka ciwo?"

Tambayar da na shekara goma ina jira ke nan. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ba ko'ina."

Ta tofar da taba. Ta wanke mini ciwon da ruwan zafi, ni kuwa ban motsa ba. Da ta gama ɗaurewa ta ce, "Gobe in na ƙare niƙa, ka taho bisa dutse."

Na je. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata da ta rasu ba ta sani ba. Na bari sai da maza suka fita, na ce ƙafa ce ta hana ni, na hau. Na kwanta, ƙato da ni a tsakiyar yara, dutsen da sanyi a bayana. Ta ɗora mini ƙoƙon ƙanena, nasa na kansa wanda ya yi santsi don daɗewa. Ta ce in bar shi ya yi abinsa. To ni ban iya barin abu ya yi abinsa ba. Na ɗaure ciki tamau yadda nake yi in za a kama kokawa, ƙoƙo ya tsaya cak. Ta ce in rufe ido in fara daga yatsu. Na rufe, na nema, ban tarar da komai ba, kamar na shiga ɗakin da ba nawa ba. Gumi ya keto mini. Ina jin hannunta yana matsowa kusa da goshina, saura kaɗan ya sauka. Sai muryar ƙanena ta fito daga gefe, ba da mugunta ba, wallahi taimako yake son yi:

"Yaya, kana riƙe lumfashi."

Yara suka ƙyalƙyale. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗauki ƙoƙon na buga shi da dutse, ya tarwatse. Ƙanena ya fasa kuka. Kakarmu ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata ba. Ta durƙusa tana tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a bakin zaninta. Na sauka na ɗauki galma na bi maza da kumburarriyar ƙafata. Ba ta sake kirana ba, ni kuma ban sake hawa ba.

Bayan 'yan shekaru na shiga soja, kamar yawancin samarin ƙasarmu. Can kuwa abin da ubanmu ya koya mini shi ne jari. Na yi tafiyar kwana da kwanaki da ƙafa a fashe, na yi zazzaɓi a tsaye, aka yi ta ƙara mini igiya. Ina wani bariki mai nisa aka aiko cewa kakarmu ta rasu. A hannun ƙanena ta cika, kuma an ce ita ta faɗa masa da safe cewa yau ne, ta ce abin ya taso daga ƙafafu, tafiya yake yi, ba ya ciwo. Da na ji wannan ban yi kuka ba. Abin da na ji shi ne, har mutuwarta ma shi ta ba.

Yanzu ga mu mun tsufa, gidansa yana bayan nawa da 'yar tafiya. Yaron da aka ce ba zai kai kaka ba, yau shi ke hawa keke zuwa gonarsa ta hanyar Kanya. Ciwon ƙirjin yana nan, har da ɗan abin shaƙa na asibiti a aljihunsa, amma yakan san zuwansa tun kafin ya iso. Ya san lokacin da zai ajiye cokali, ya san lokacin da zai bar rana. Ni ƙaton gida, ciwon suga ya daɗe yana cina ban sani ba. Ƙishi ya yi ta damuna, na ce zafi ne. Gajiya ta yi ta kayar da ni, na ce lalaci ne, na ƙara wa kaina aiki. Sai da ƙusa ta huda takalmina na yi kwanaki ina taka ta, matar ɗana ta ga jini a tabarma. A asibiti likita ya tambaye ni tun yaushe, yaya nake jinsa, suka ne ko zugi. Na zauna ina kallonsa kamar ɗalibin da bai yi karatu ba. Aka cire mini yatsu biyu. Likitan ya ce ciwon ne ke kashe jin ƙafa, ba laifina ba ne, kuma na yarda. Amma shekarun da ƙishi yake kirana ina ƙin amsawa fa, su ma ciwon ne? Ƙanena ya zo dubiya da lemo a leda, ya zauna a bakin gado yana mini sannu, fatarsa sumul. Na juya fuskata bango na ce barci nake ji.

Da a kaina abin ya tsaya, da na tafi da shi kabari ban faɗa ba. Amma akwai jikata, 'yar ɗana, mai shekara shida, wadda nake kira amaryata ita kuma take ce mini tsohon miji. Tun tana rarrafe a jikina take. Wata rana ta faɗo daga kan turmi ta ƙuje gwiwa, ta buɗe baki za ta tsala ihu, na ce, "Kai, jikar soja ba ta kuka." Ta rufe bakin, ta haɗiye, hawaye suka tsaya a ido. Na ɗaga hannunta sama na kira mutanen gida su zo su ga jaruma. Daga ranar duk abin da ya same ta wurina take kawowa. Kunama ce ko ƙuna ko ƙaya, sai ta zo ta nuna mini ta ce, "Dubi, ban yi kuka ba." Ni kuma ina jin daɗi har cikin ƙashi. A ƙarshe dai ga wani yaro da ke koyon abu a wurina, ba a wurin ƙanena ba.

Sai kunnenta ya kama ciwo, ta ɓoye. Kwana nawa ta yi da shi, Allah kaɗai ya sani. Tana cin abinci kaɗan, tana kwanciya ta gefe ɗaya, in an tambaye ta ta ce ba komai. Sai da uwarta ta ga ruwa a matashi, jiki kuma ya yi zafi rau, aka kwashe ta zuwa asibiti. An yi magani ta warke, amma kunnen hagu bai dawo daidai ba. Ina zaune a tsakar gida na ji uwar tana tambayarta a ɗaki, don me ba ta faɗa ba. Na ji amsar da kunnena: "Kaka ya ce jikar soja ba ta kuka."

Bayan kwana biyu matar ɗana ta zo ta durƙusa a gabana. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, don Allah ina neman izini. Ina son in riƙa kai ta wurin Baba Ƙarami da sahe, kahin makaranta. An ce shina koya ma yara su hwaɗi abin da ka damunsu."

Na ce su kai ta. Me zan ce?

Aka fara kai ta. Ba a yi mako biyu ba ta dawo da ɗan ƙoƙo nata, tana kwana da shi. Bakinta ya cika da Kaka Ƙarami ya ce, Kaka Ƙarami ya yi. Ta daina kawo mini ciwo. In ta yi tuntuɓe sai ta zauna ta yi kukanta, ta share ido, ta ce wa uwarta, a babban yatsa yake, kamar gujiya, yana raguwa. Na san wannan shi ne daidai. Hankalina ya sani sarai. Amma ina zaune ina kallon amaryata tana wuce ni da sassafe ko waiwaye babu, sai na koma yaron nan na bayan rumbu. Ya karɓi kakata, yanzu kuma ya karɓi jikata, kuma bai ƙwace ko ɗaya ba, su suka je da ƙafarsu. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ranar da na leƙa ramin da masu fasa dutse suka bari, daga can ban koma gida ba. Na ce dutse ya ƙare, wannan shanyar ciki ma ta ƙare. Yarinya ta koya, ya isa haka, zan je in ɗauko abata. Na dogara sanda har gidan ƙanena. Na tarar da su a gindin mangwaro, yara biyar a kan tabarma, ƙoƙuna suna hawa suna sauka, shi kuma yana zaune a kan kujera 'yar tsugunne yana magana ƙasa-ƙasa. Muryar ma irin ta kakarmu ce.

"Yaya, kai na da sahen ga? Sannu da zuwa. Ku ba Kaka wuri."

Na dubi jikata na ce, "Tashi mu tahi gida."

Ta tashi zaune, ƙoƙon a hannunta. Ba ta miƙe ba. Ta ƙura mini ido yadda ban taɓa ganin ta yi ba, daga fuska har hannun da ke riƙe da sanda, ta ce, "Kaka, ina shike?"

"Mi?"

"Abin da ka maka ciwo."

Amsar tana bakina, a shirye, tsohuwar amsata. Ba ko'ina. Har na ja iska zan faɗa. Sai yarinyar nan ta karkata kai, ta juyo mini da kunnen dama, mai jin, don kada maganata ta wuce ta.

Na kasa. Na tsaya a tsakar gidan ƙanena, tsoho mai yatsu takwas, na rufe ido na nema. Ba daga ƙafa na fara ba, don can babu mai amsawa. Na hauro. A ƙasan ƙashin ƙirji, ɗan gefen hagu, na tarar da shi. Abu ne mai zafi, a dunƙule, kuma da na taɓa shi da hankalina sai na gane ba baƙo ba ne. Shi ne ke motsi in an ambaci sunan ƙanena. Na ɗora hannu a wurin na ce, "Nan."

"Kamar mi? Gujiya?"

"A'a."

"Kabewa?"

"Dutsen niƙa," na ce.

Wani yaro ya fara dariya, ƙanena ya dube shi, ya yi shiru. Jikata ta ce, "Zaune shike ko tahiya shikai?"

"Zaune. Ya daɗe zaune."

Ƙanena bai tambayi ko mene ne ba. Ina jin ya sani tun ranar da ya zauna a gindin ɗorawa. Ya matsar da yara, ya karkaɗe gefen tabarma da hannunsa, ya ce, "Kwanta, Yaya. Ba korar shi za mu yi ba. Dubin shi kawai za ka yi." Har wannan ma ya ba ni haushi, yadda ya san abin faɗa ba tare da ya nema ba. Amma na ajiye sanda. Da ƙyar na kai ƙasa, gwiwoyi suna ƙara, shi ya tallafe mini baya. Ganyen mangwaro a samana, tabarma da sanyin safiya. Jikata ta durƙusa ta ɗora mini ƙoƙonta a ciki, ta gyara masa zama da hannu biyu, sannan ta ɗora ɗan tafinta a goshina ta bar shi a nan. Na rufe ido. Sai ta ce:

"Kaka, kana riƙe lumfashi."

Hannuna ya tashi da kansa ya nufi ƙoƙon. Na buɗe ido na ga ƙanena yana kallon hannun, tsoho da furfura, da irin kallon da ya yi mini a kan dutse kafin ya fasa kuka. Na mayar da hannun kan tabarma. Na saki numfashin, ƙoƙo ya yi ƙasa.